Ƙyasfi a Lokacin Goyon Ciki: Ki Karanta Kafin Ki Shafa Komai



A ɗakin awon ciki na wannan asibiti, da wuya mako ya ƙare ba a sami wadda ta tsaya bayan an gama auna ta ba, ta ɗan janye mayafi ta nuna wa ma'aikaciyar jinya wuyanta ko ƙirjinta, ta ce, "Malama, duba min wannan, tun da cikin nan ya shiga wata huɗu yake yaɗuwa." Galibi abin da ake gani ƙyasfi ne. Tambayoyin da ke biyo baya kuma kusan iri ɗaya ne: zai taɓa abin da ke cikina? Zan shafa wa maigida da yara? Me zan sha ya tafi?

Amsar tambaya ta farko da ta biyu mai kwantar da hankali ce. Ƙyasfi ba ya shiga jini, ba ya isa mahaifa, ba ya hana haihuwa lafiya, kuma ba cuta ba ce da ake ɗauka ta hanyar zama tare. A tambaya ta uku ne muke so ki tsaya ki natsu, domin a irin wannan hali da kike ciki, abin da ake sha ko ake shafawa da sunan magani ya fi ƙyasfin kansa haɗari.

Mene ne ƙyasfi?

A fatar kusan kowane baligi akwai wata ƙaramar halitta da ido ba ya gani, wani nau'in yis ne, dangin fumfuna. Likitoci suna kiran ta Malassezia, sunan da ta samo daga wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Malassez, wanda ya yi bayaninta a shekarar 1874. Tana zaune a fatarki tun kafin ki sami ciki, tana zaune a fatar maigidanki da ta likitan da ke duba ki. Abincinta shi ne maiƙon da fata ke fitarwa, shi ya sa ta fi yawa a fatar kai, wuya, ƙirji, kafaɗu da gadon baya. Ita ce kuma ke da hannu a amosanin kai.

Muddin ba ta yi yawa ba, ba ta damun kowa. Amma idan ta sami zafi, gumi da maiƙo a haɗe, sai ta hayayyafa ta sauya siffa, ta shimfiɗu a saman fata. A nan take fitar da wani sinadari da ke rage aikin ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Wurin sai ya yi haske fiye da kewayensa. A wasu mutanen kuma akasin haka ake gani, wurin ya yi duhu ko ya yi ja-ja. Mutum ɗaya ma yana iya samun tabo mai haske a ƙirji da mai duhu a baya, duk cuta ɗaya ce.

Tabon yakan fara ƙanana kamar ƙwayar wake, zagayayyu, daga baya su haɗe su zama fili guda mai gefe kamar zanen taswira. Ba ya tasowa sama da fata, ba ya ruwa, ba ya zafi. Ƙaiƙayinsa kaɗan ne, yawanci sai an yi gumi, wasu ma ba sa jin komai. Alamar da ta fi fayyace shi ita ce, idan kika ɗan kankare wurin da farce a hankali, ko kika ja fatar da yatsu biyu, za ki ga wani ɗan gari fari-fari ya tashi kamar dusa. Ki riƙe wannan alama, za mu sake komawa kanta.

Cuta ce ta ƙasashe masu zafi. A ƙasashen sanyi irin su Suwidin, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke samunta, alhali a wasu yankuna masu zafi da laima takan kama har rabin jama'a. A wajenmu ta fi fitowa daga bazara zuwa ƙarshen damina, ta lafa da hunturu. Ta fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru, domin su ne fatarsu ta fi maiƙo.

Mutane da yawa a Nijeriya suna kiran ƙyasfi da suna "ezima". Wannan suna ne na wata cutar fata daban, mai tsananin ƙaiƙayi, wadda maganinta ya sha bamban. Ba gardamar suna muke yi ba. Matsalar ita ce, idan kika je shagon magani kika ce a ba ki maganin ezima, akwai yiwuwar a miƙo miki man da zai ƙara wa ƙyasfin ƙarfi.

Me ya sa sai yanzu da kike da ciki?

Juna biyu yana sauya sinadaran jikin mace. Jikinki ya fi ɗumi, guminki ya ƙaru, maiƙon fata ya ƙaru, garkuwar jiki kuma ta ɗan sassauta domin ta karɓi ɗan tayi. Duk waɗannan gata ne ga wannan yis. Ki haɗa da dogon hijabi na yadin roba a zafin watan Afrilu, da tsayuwa gaban murhu, da mai mai kauri da ake shafawa tun daga wuya har ƙafa, sai ki ga ya sami duk abin da yake nema.

Saboda haka ƙyasfi ba shaidar ƙazanta ba ne. Mace mai wanka sau uku a rana tana iya samunsa. Ba daga wani abinci da kika ci ba ne, ba kuma wani ne ya goga miki ba. Muna roƙon maigida, surukai da abokan zama su ji wannan da kyau: babu dalilin ware mata kwano, tabarma ko shimfiɗa, babu dalilin hana ta ɗaukar yara. Idan an ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna da shi, yawanci saboda irin fatarsu ɗaya ce ta gado, kuma zafin da suke sha ɗaya ne.

Ba kowane tabo ne ƙyasfi ba

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa muke cewa ki nuna wa ma'aikacin lafiya kafin ki fara magani.

Na farko shi ne kuturta. Har yanzu ana samun sababbin masu wannan cuta a Nijeriya kowace shekara, kuma farkonta tabo ne mai haske ko ja-ja wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo. Mutane da dama sun ɓata watanni suna shafa maganin ƙyasfi a kansa. Bambancinsa shi ne wurin ba ya jin taɓi yadda ya kamata, sau da yawa ba ya gumi, kuma ba ya tashin garin nan da muka ambata. Kina iya gwadawa a gida: ki rufe ido, wata ta taɓa tsakiyar tabon da ɗan silin auduga, sannan ta taɓa lafiyayyar fatar da ke kusa. Idan ba ki ji na tsakiyar tabon ba, ko kuma kina jin dindiris a hannu ko ƙafa, ki zo asibiti a wannan makon. Kada tsoro ko kunya su hana ki. Kuturta tana warkewa sarai da magani na wata 6 ko wata 12, ana ba da shi kyauta, mai ciki tana iya shan sa, kuma idan an fara da wuri ba ta barin nakasa. Cutar takan bayyana a lokacin ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa ga wadda take ɗauke da ita ba ta sani ba.

Na biyu, tunjere. A wani matakinsa yana fito da ƙuraje ko tabo a jiki har da tafin hannu da tafin ƙafa, galibi babu ƙaiƙayi. Ƙyasfi ba ya fita a tafi. Tunjere yana ratsawa ya kama ɗan tayi, yana jawo ɓari ko haihuwar jariri ba rai, alhali allurar fenisilin tana maganinsa. Yana cikin dalilan da suka sa ake ɗibar jininki a awon farko.

Akwai kuma cutar da ke sa fata ta yi fari fat kamar madara, musamman a leɓe, kewayen ido da yatsu, fatar kuma sumul ba gari. Wannan ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, maganin ƙyasfi ba ya yi mata komai. Makero shi kuma zobe yake yi, gefensa a tashe, da ƙaiƙayi sosai, kuma shi ana ɗaukar sa daga mutum ko dabba. Duhun da ke fitowa a kumatu, goshi da saman leɓen mai ciki, da baƙin layin da ke sauka daga cibiya, aikin cikin ne kawai, yawancinsu suna dusashewa da kansu bayan haihuwa.

Abu ɗaya da ba tabo ba ne, amma bai kamata mu wuce shi ba: idan a watannin ƙarshe kika fara jin ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, musamman da dare, ba tare da ƙurji ba, wannan na iya zama matsalar hanta da ke shafar jariri. Ki zo a ranar, kada ki jira ranar awonki.

A asibiti gane ƙyasfi ba shi da wuya. Sau da yawa duba da ido ya isa. Idan akwai shakka, za a ɗan kankari garin fatar a duba a madubin likita, ko a haska wurin da wata fitila ta musamman a ɗaki mai duhu, inda ƙyasfi kan nuna launin ruwan ɗorawa. Babu allura, babu yanka.

Maganin da ya dace da mai ciki

Tunda cutar a saman fata take, a saman fata ake yaƙar ta. Za mu rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali domin ki iya dubawa.

Man shafawa na clotrimazole ko miconazole shi ne aka fi ba masu ciki. An daɗe ana amfani da su, abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai. Ana shafawa sau biyu a rana, safe da dare, na tsawon mako 2 zuwa 4. Ki yi wanka, ki tsane jiki sosai, sannan ki shafa siriri, ki ɗan zarce gefen tabon, domin yis ɗin ya wuce inda ido ke gani. Gadon baya ne wurin da aka fi mantawa, daga can kuma yake sake yaɗowa. Ki nemi maigida ko 'yar'uwa su taimaka miki.

Idan tabon ya mamaye wuri mai faɗi, likita na iya zaɓar miki sabulun ruwa na wanke kai mai ɗauke da ketoconazole kashi 2 cikin 100. Ana shafa kumfarsa a wuya, ƙirji, baya da hannuwa, a bar shi kamar minti 5, a ɗauraye, sau ɗaya a rana har zuwa kwana 5. Akwai wani mai suna selenium sulphide da ake amfani da shi ta irin wannan hanya, amma shi ba a so mai ciki ta shafa shi a faɗin jiki sai likita ya ga babu makawa. Kada ki sayo ɗaya daga cikinsu da kanki.

Idan kuma tabon kaɗan ne, ba ya damun ki, kuma cikin bai wuce wata uku ba, likita na iya cewa a dakata tukuna. Jinkirin ba ya cutar da ke ko jaririn.

Abubuwan da za ki guje wa

Ƙwayoyin sha. Fluconazole da itraconazole suna maganin ƙyasfi ga wanda ba shi da ciki, amma ba a ba mai ciki su saboda tabon fata. Bincike ya danganta fluconazole da ƙarin haɗarin ɓari, yawan shan sa mai ƙarfi a farkon ciki kuma da nakasar jariri. Ƙwayar ketoconazole ta sha tana iya lalata hanta; tun shekarar 2013 hukumomin kula da magunguna na Turai da Amurka suka taka wa amfani da ita birki, ba a yarda a sha ta don cutar fata ba. Griseofulvin, wanda ake yawan sayarwa don makero, ba ya kashe ƙwayar ƙyasfi ko kaɗan, ga shi an hana mai ciki shan sa. Wato hasara biyu. Idan kin riga kin sha ɗaya daga cikinsu kafin ki san kina da ciki, kada hankalinki ya tashi, ki daina, ki kawo kwalin ranar awo.

Man shafawa mai haɗi uku. Shi ne wanda aka fi miƙa wa mutane a shagunan magani, a ce yana maganin kowace cutar fata. Ki duba kwalin: idan kin ga clobetasol, betamethasone ko dexamethasone, to akwai sitiroyid a ciki. Sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, ki ɗauka kin warke, alhali ya danne garkuwar fatar ne, yis ɗin yana ta yaɗuwa a ƙarƙashi. Daɗewa ana shafa shi yana sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa mai faɗi wadda ba ta gogewa, ta cika da ƙuraje. Idan mai ƙarfi ne kuma ana shafa shi da yawa a faɗin jiki, yana shiga jini, kuma an danganta hakan da haihuwar jariri marar nauyi.

Man bilicin. Wasu matan kan ce bari su haskaka sauran fatar ta daidaita da tabon. Wannan shawara ce marar kyau ko da babu ciki. Yawancin irin waɗannan mayukan suna ɗauke da sitiroyid ɗin da muka ambata, ko hydroquinone, wasu sabulan kuma har da zaiba, wadda ke ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi, ta kuma fita a ruwan nono. Waɗanda ake haɗawa a zuba a roba babu suna sun fi muni, domin ko mai sayarwar ba lallai ta san abin da ke ciki ba. A gaskiya da yawa daga cikin ƙyasfi mai taurin kai da muke gani, man bilicin ne ke ciyar da shi.

Sai kuma abubuwan ƙona fata: man birki, ruwan batir, kananzir, man goge baki, dakakkiyar tafarnuwa, ko dirza wurin da dutse ko soso mai kaushi har ya yi jini. Ƙyasfi ba ya barin tabo na dindindin. Ƙuna tana bari.

"Na gama magani, tabon bai tafi ba"

A nan ne mata da yawa ke karaya su koma wa abubuwan da muka hana. Ki sani cewa kashe ƙwayar cutar daban, dawowar launin fata daban. Magani yana gama aikinsa cikin makonni, amma ƙwayoyin da ke ba fata launi suna buƙatar lokaci kafin su farfaɗo. Hasken wurin na iya ɗaukar wata biyu, uku, wani lokaci fiye da haka, kafin ya saje da sauran jiki.

To yaya za ki san maganin ya yi? Ki koma ga gwajin farce. Idan kin kankara ba ki ga gari ya tashi ba, tabon bai ƙara faɗi ba, sababbi ba su fito ba, to ƙwayar ta mutu, saura haƙuri. Ba sai kin ƙara wani magani ba. Idan kuwa bayan mako 4 har yanzu gari na tashi ko yana ci gaba da yaɗuwa, ki dawo a sake dubawa. Wani lokaci shafawar ce ba ta game ko'ina ba, wani lokaci kuma cutar ce daban. Ƙyasfin da ya mamaye jiki ko ya ƙi jin magani yakan sa likita ya duba sukarin jini da ƙwayar cutar ƙanjamau, gwaje-gwajen da dama ana yi wa mai ciki.

Zai iya dawowa, kuma gara mu faɗa miki tun yanzu. Fiye da rabin waɗanda suka warke sukan sake ganinsa cikin shekara ɗaya ko biyu, tunda yis ɗin ɗan gida ne, ba a raba fata da shi baki ɗaya. Abin da ke rage dawowarsa shi ne rage masa zafi da maiƙo. Ki sa tufafin auduga marasa matsewa, musamman na ciki da hijabin zaman gida. Ki cire jiƙaƙƙen kaya da zarar kin yi gumi. Ki tsane ƙarƙashin nono da wuya bayan wanka. A lokacin zafi ki rage shafa basilin, man kaɗanya ko man kwakwa a ƙirji da baya. Ki bar su ga ƙafa, hannu da ciki, inda fata ke bushewa. Bayan kin haihu, likita na iya tsara miki wanka da sabulun ketoconazole sau ɗaya ko biyu a wata a watannin zafi.

Bayan haihuwa

Ki shayar da jaririnki, ki rungume shi a ƙirji tun daga sa'ar farko, ko da tabon yana nan. Ƙyasfi ba ya gurɓata nono. Idan kina shafa magani a ƙirji, kada ki kai shi kan nono, ki shafa bayan ya gama sha, ki goge wurin da ruwa kafin shayarwa ta gaba, ki kuma wanke hannu.

Kwanakin jego kwanaki ne na ruwan zafi, ɗaki a rufe da yawan shafa mai, don haka kada ki yi mamaki idan tabon ya ƙaru a lokacin. Ki bar iska ta riƙa shiga ɗakin, ruwan wanka kuma ya zama mai ɗumi, ba mai ƙona fata ba. Idan ana buƙatar ƙwayar sha, bayan haihuwa ne likita zai duba wadda ta dace da mai shayarwa.

Jarirai ba su cika yin ƙyasfi ba, ko da yake a wurare masu zafi akan gan shi jefi-jefi a goshi ko kumatu. Farin tabon da ke fitowa a fuskar yara 'yan makaranta kuwa, sau da yawa bushewar fata ce kawai. Kada ki shafa wa jariri ko yaro ragowar maganinki, musamman mai haɗi uku, domin fatarsu ta fi taki saurin zuƙe magani. Ki kawo shi a gani.

Ranar da za ki zo awo, ki sa rigar da za ta ba da damar a duba bayanki, kada ki shafa mai ko hoda a wurin a safiyar, domin suna ɓoye garin da ake nema. Ki zuba duk mayukan da sabulan da kike amfani da su a leda ki taho da su, har da wanda aka haɗa miki a roba. Idan kin fi son mace ta duba ki, ki faɗa wa ma'aikaciyar da ke karɓar kati tun da kika iso.